Ninja 300 ko Ninja 400: Wanne Ya Fi Dacewa da Titunan Legas?

Duk wanda ya yi niyyar sayen babur mai gudu a Legas, irin wanda ake kira fawa baik, kuma bai shirya kashe kuɗin manyan injuna masu silinda huɗu ba, da wuya ya gama zagayen masu sayarwa ba tare da an gabatar masa da babura biyu na kamfanin Kawasaki ba, wato Ninja 300 da ƙanensa Ninja 400 wanda ya gaje shi. Na mallaki na farkon na hau shi a kan hanyar Agege zuwa Apapa da cikin tsibirin Legas, daga baya na koma kan na biyun, saboda haka 'yan'uwa da yawa daga Zangon Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan tambaye ni wanne ya kamata su saya. Amsata a taƙaice ita ce Ninja 400 ya fi tsohon a kusan duk abin da ya shafi tuƙi a wannan gari, amma fifikon nasa yana tabbata ne kawai idan wanda aka samu lafiyayye ne, yana da birkin ABS mai hana taya kullewa, kuma takardunsa na kwastan sun cika. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, to Ninja 300 mai tsabta ya fi shi alheri nesa ba kusa ba.

Ninja 300 ya fito ne a ƙarshen 2012 a matsayin samfurin 2013, inda ya maye gurbin Ninja 250R a kasuwannin Turai da Amurka. Injinsa mai silinda biyu ne a jere, girmansa 296cc, ruwa ne ke sanyaya shi, kuma yana da giya shida. Shi kuwa Ninja 400 an nuna shi a bikin baje kolin motoci na Tokyo a 2017, ya shiga kasuwa a matsayin samfurin 2018 da injin 399cc, shi ma mai silinda biyu da giya shida. A Amurka, inda yawancin waɗanda ke iso mana suke fitowa, an fara sayar da Ninja 300 a kan dala 4,799, sannan Ninja 400 ya fito a kan dala 4,999, wato tazarar da ke tsakaninsu suna sababbi ba ta taka kara ta karya ba. A kasuwar na hannu a Legas kuwa tazarar tana da faɗi sosai, domin tun da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk babur ɗin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tin Can bayan wannan lokaci da sabon lissafi ya shigo. Yawancin Ninja 300 da ke yawo a gari sun daɗe da shigowa, sun wuce ta hannu biyu ko uku, yayin da Ninja 400 galibi sabon shigowa ne da aka biya masa fito da tsadar dala.

Abin da ya fi raba su a kan titi shi ne yadda injin kowanne ke ba da ƙarfinsa. A takarda Ninja 300 yana ba da ƙarfin doki 39, Ninja 400 kuma 45 a ma'aunin Turai, kuma wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ɗauka bambancin kaɗan ne. Amma alƙalumin da ya fi muhimmanci ga mai tuƙi a cikin cunkoso shi ne ƙarfin juyi, wato ƙarfin da ke tura babur gaba da zarar an murɗa totur. Ninja 300 yana da 27 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi), kuma ba ya ba da shi cikakke sai injin ya kai juyi 10,000 a minti ɗaya, alhali Ninja 400 yana da 38 Nm tun a juyi 8,000. Ma'anar wannan a aikace ita ce tsohon babur ɗin yana da sanyin jiki a ƙasa, sai an ɗaga muryar injinsa sama sosai sannan yake farkawa. Idan mutum yana tafe a giya ta huɗu a kan titin Ikorodu, danfo ya tsaya kwatsam a gabansa domin ɗaukar fasinja, ya ga rata a hannun hagu yana son ya shige kafin motar da ke bayansa ta rufe ta, to a kan Ninja 300 dole ya sauke giya ɗaya ko biyu kafin babur ɗin ya amsa masa. A kan Ninja 400 murɗa totur kawai ya wadatar. Wannan ɗan jinkiri na sauke giya ba komai ba ne a kan hanyar da babu kowa, amma a tsakanin danfo da tirela a Oshodi ko a Mile 2 yakan zama shi ne bambanci tsakanin wucewa lafiya da matsewa, kuma mutum zai maimaita wannan yanayi sau da yawa kafin ya isa wurin sana'arsa.

Ban faɗi haka domin in rage wa injin Ninja 300 daraja ba. Inji ne mai santsi da haƙuri, ba ya firgita sabon mahayi, kuma wanda ya taso daga kan Bajaj Boxer ko Jincheng zai same shi da sauƙin sabo, domin ba ya zabura da ɗan kuskuren hannu. Akwai kuma masu jin daɗin irin tuƙin da yake buƙata, wato yawan wasa da giya da barin injin yana kuka a sama, kuma da safiyar Lahadi a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, lokacin da hanya take a buɗe, wannan tuƙi yana da daɗinsa. Sai dai ranakun aiki sun fi ranakun Lahadi yawa, kuma a ranar aiki injin da ke ja tun daga ƙasa ya fi rage gajiyar hannu da ta ƙafa. Kulocin duka biyun yana da tsarin da ke sa hannunsa laushi kuma ya hana tayar baya tsalle idan an sauke giya da gaggawa, amma na Ninja 400 ya fi laushi ƙwarai, har ana iya jan sa da yatsa biyu, kuma wanda ya taɓa shafe awa guda yana kama kuloci yana saki a gosulon Apapa ya san darajar wannan. A ɗaya ɓangaren, masu Ninja 400 na shekarun farko a ƙasashe daban-daban sun sha yin ƙorafin cewa kulocin yakan fara zamewa da wuri idan ana matsa masa, saboda haka wajibi ne mai saye ya gwada shi a giya ta biyar ko ta shida, ya murɗa totur gaba ɗaya daga ƙaramin gudu, ya lura ko allurar juyin inji tana tashi ba tare da gudun babur ya ƙaru daidai da ita ba.

Abin mamaki shi ne duk da girman injinsa, Ninja 400 ya fi yayansa rashin nauyi. Da cikakken mai da ruwa nauyinsa kilo 168 ne mai ABS, yayin da Ninja 300 mai ABS yake da kilo 174. An yi masa sabon firam na bututun ƙarfe da aka saƙa, irin tsarin da kamfanin ya yi wa babban babur ɗinsa H2, kuma an rage tazarar da ke tsakanin tayoyinsa daga milimita 1,405 zuwa 1,370. Sakamakon haka ya fi saurin juyawa, ya fi sauƙin ratsa tsakanin motoci, kuma ya fi sauƙin turawa da hannu a cikin lungun gida ko a bakin shago inda wuri ya yi ƙaranci. Tsayin kujerar duka biyun milimita 785 ne, wanda ke nufin mai matsakaicin tsayi zai dafa ƙasa da ƙafafunsa biyu ba tare da ɗage ba. Wurin da tsohon ya fi shi ne sakewar zama: Ninja 300 ya fi tsawo, dogon mutum ya fi samun wurin gwiwoyinsa, kuma kujerarsa ta fi haƙuri da doguwar tafiya. Kujerar Ninja 400 tana tura mahayi zuwa ga tanki, kuma mai babbar ƙafa yakan ji diddigensa na dama yana taɓa murfin salansa idan ya taka da ƙarshen tafin ƙafa. Wanda ya haura mita ɗaya da santimita 80 ya kamata ya zauna a kan kowanne na ɗan lokaci kafin ya yanke shawara.

Yanzu na zo ga abin da nake ganin ya fi komai nauyi, wato birki da taya, domin a Legas iya tsayawa ya fi iya gudu amfani. Faifan birkin gaba na Ninja 300 milimita 290 ne, na Ninja 400 kuma 310, sannan an ƙara kaurin ƙafafun gaba daga milimita 37 zuwa 41, abin da ke sa gaban babur ɗin ya rage nutsewa da rawa idan aka damƙe birki da ƙarfi. Tayar gaba ɗaya ce a duka biyun, 110/70-17, amma ta baya ta tashi daga 140/70-17 zuwa 150/60-17, kuma Ninja 400 ya fito daga masana'anta da tayoyi ƙirar radiyal, alhali tsohon ya zo da ƙirar da ta gabace ta, wadda ba ta kama kwalta sosai idan ta jiƙe. Daminar Legas doguwa ce, tana farawa wajen watan Afrilu ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma ruwan farko yakan tayar da man gas da tirelolin tashar jiragen ruwa suka zubar a kan kwalta, ya mayar da ita sulɓi. A irin wannan hanya birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan mutum ya firgita ya damƙe hannun birki, ba kayan ado ba ne. Na fi son in ga ƙanena a kan Ninja 300 mai ABS da sababbin tayoyi masu kyau a kan in gan shi a kan Ninja 400 marar ABS, ko da kuwa na biyun ya fi ƙyalli.

Wannan batu yana buƙatar kulawa saboda a Amurka an sayar da duka samfuran biyu iri biyu, mai ABS da marar shi, kuma masu shigo da kaya sukan fi ɗauko marar shi saboda ya fi araha a can. A Turai kuwa doka ta wajabta ABS a kan duk sabon babur da ya haura 125cc tun daga 2017, saboda haka Ninja 400 da ya fito daga can yana da shi. Kada a dogara da rubutun da aka manna a jikin roba, domin manna rubutu ba ya da wuya. A duba tsakiyar faifan birkin gaba, za a ga wani ƙaramin zobe mai tsage-tsage da waya tana sauka kusa da shi, sannan idan an murɗa makulli fitilar ABS za ta kama a allon gaba, ta mutu bayan babur ya fara tafiya kaɗan. Idan fitilar ba ta kama ba tun farko, ko ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala, kuma gyaran wannan na'ura ba aikin da kowane bakanike zai iya ba ne.

Inda Ninja 300 ya yi nasara ba tare da gardama ba shi ne tanki. Yana ɗaukar lita 17, Ninja 400 kuma lita 14 kawai. A tuƙin da nake yi duka biyun suna cin mai kusan daidai, wajen kilomita 20 zuwa 25 a kowace lita gwargwadon cunkoso da nauyin hannu, saboda haka waɗannan lita uku suna nufin ƙarin tafiyar kilomita 60 ko fiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta kai kusan naira 1,000 a Legas a ƙarshen 2024, kowa ya koyi lissafin mai, amma amfanin babban tanki ba a farashi yake ba, domin abin da aka sha shi za a biya. Amfaninsa shi ne yana ba mutum damar zaɓen gidan man da ya amince da shi, ya wuce wanda bai yarda da shi ba, kuma a lokacin ƙarancin mai ya rage yawan shiga layi. Duka baburan biyu ba su da kafireta, na'ura ce ke fesa musu mai, famfonsu kuma yana cikin tanki, kuma irin wannan tsari ba ya jure gurɓataccen mai kamar yadda Boxer ke jurewa. Waɗanda suka shaida fetur ɗin da aka shigo da shi mai yawan sinadarin methanol a watan Fabrairun 2022 sun ga yadda ya lalata injuna a wannan gari. Man bakin hanya na cikin jarka bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma wanda ke yawan zuwa Ibadan ko Abeokuta, ko yake da niyyar hawa har Ilorin da abin da ya wuce ta, zai ga amfanin tankin tsohon.

Batun zafi da ambaliya kuma kusan ɗaya ne a wurinsu. Duka biyun suna da lagireto da fanka, kuma a tsayuwar gosulo fankar za ta riƙa tashi tana mutuwa, wanda hakan daidai ne. Ninja 300 yana da murfi a bayan fankarsa wanda ke karkatar da iska mai zafi zuwa ƙasa, don haka ba ya gasa ƙafa sosai, kuma ban ji Ninja 400 ya fi shi zafi ba. Tazarar cikinsu da ƙasa wajen milimita 140 ce, robar ƙasa kuma tana kusa da kwalta, saboda haka tudun rage gudu na cikin unguwa da ramukan da ruwa ya rufe a Lekki ko a Agege suna buƙatar taka-tsantsan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: babur irin wannan an yi shi ne domin kwalta mai kyau, kuma idan hanyar gidan mutum ta zama kududdufi rabin shekara, to matsalarsa ba ta zaɓi tsakanin 300 da 400 ba ce, wani nau'in babur ne ya dace da shi.

Kayan gyara su ne hujja ta biyu mai ƙarfi ta masu goyon bayan tsohon samfurin. Ninja 300 ya daɗe a kasuwa, yana tarayya da wasu baburan Kawasaki, wato Z300 da Ninja 250 na zamaninsa, a sassa da yawa, kuma an ci gaba da haɗa shi ana sayarwa a Indiya shekaru bayan an daina a Turai da Amurka, wanda hakan ya buɗe wata ƙofa ta samun kaya da sauƙin kuɗi. A wuraren masu sayar da kayan babur na Ebute Metta da wajen masu fawa baik, takalmin birki da filtar mai da cen da sifoket na Ninja 300 sun fi saurin samuwa, kuma akan sami wanda ya yi hatsari aka farke shi ana sayar da sassansa. Na Ninja 400 ma suna ƙaruwa, yana kuma tarayya da Z400, amma idan fitilar gabansa ta fashe, wadda ta LED ce a haɗe ba a canza mata ƙwai, sai an yi oda daga waje a jira makonni a kuma biya da lissafin dala. Ta Ninja 300 ƙwan fitila ne na yau da kullum da ake samu ko a kasuwar kayan motoci ta Ladipo. Amma gaskiya ita ce hasken na Ninja 400 ya fi ƙarfi da fari, kuma mai dawowa gida bayan isha'i ta hanyar da fitilun titi ba sa aiki zai gode masa. Allon gabansa ma yana nuna giyar da ake ciki, abin da tsohon ba ya da shi, kuma wannan yana taimaka wa mai koyo.

Sai dai mu tuna cewa Ninja 300 mafi ƙuruciya daga Amurka na 2017 ne, mafi tsufa kuma ya haura shekara goma. Babur mai wannan shekaru, ko da awonsa na tafiya kaɗan ne, robobinsa sun bushe: tiyon lagireto, da robar da ke riƙe man ƙafafun gaba, da tiyon birki, duk suna iya neman canji a lokaci guda. Idan kuma ya yi shekaru a hannun mutanen da ke zuba masa baƙin man mota, wanda ke sa kulocin da ke jiƙe cikin mai ya riƙa zamewa, ko suke cika lagiretonsa da ruwan famfo, to cikin injin ya ga wahalar da ba a gani daga waje. Araha ba ta ado. Kuɗin da mutum ya rage wajen saye yana iya komawa wajen bakanike cikin watannin farko, don haka duk wanda ya zaɓi tsohon ya ware wani kaso na musamman domin wannan gyara tun kafin ya biya.

Haɗarin Ninja 400 kuma na daban ne, kuma a ganina ya fi wannan muni. Da yawa daga cikin tokumbon da ke shigowa, wato na hannu daga ƙasashen waje, an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan sun yi hatsari, aka sa musu sababbin robobi masu arha, aka wanke su suka yi fes. Babur ne da matasa masu koyo suka fi saya a can, kuma ana yawan kai shi filin tsere, domin shi ne babur ɗin da Ana Carrasco 'yar ƙasar Sifen ta lashe gasar duniya ta ajin Supersport 300 da shi a 2018, ta zama mace ta farko da ta ci kambun duniya a tseren babura na mutum ɗaya a kan kwalta. Roba tana canzuwa, amma firam da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. A duba ƙarafan da ke tsayar da kan babur idan an juya shi har ƙarshe, ko sun karye ko an yi musu walda. A tsaya a bayansa a hango ko tayar baya da ta gaba suna kan layi ɗaya. A duba ƙarshen hannuwa da matakan ƙafa da murfin inji ko akwai alamar gogar kwalta, sannan a hau shi a hanya madaidaiciya a sassauta riƙo kaɗan a ji ko yana ja gefe guda. Idan an ga ƙananan huji a kan kusoshin magudanar baƙin mai ko na birki, alama ce ta cewa an ɗaure su da waya domin tsere.

Akwai kuma wata yaudara da ta shafi duka biyun. Kamfanin ya yi Ninja 250 mai kama da Ninja 300 sak domin kasuwannin Asiya, sannan daga 2018 ya yi wani Ninja 250 mai jikin Ninja 400, don haka da canjin rubutu kawai ana iya sayar wa mutum ƙaramin inji da kuɗin babba. Lambar firam da ke jikin wuyan babur ita ce shaida, kuma dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardar kwastan harafi da harafi. Sunan samfurin a wajen kamfani EX300 ne ko EX400. A baburan da aka yi wa kasuwar Amurka, lambar tana da alamomi 17, kuma ta goma ita ce ke nuna shekara: D na nufin 2013, H na nufin 2017, J na nufin 2018, K kuma 2019, haka har gaba. Awon tafiyarsu kuma da mil yake, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka babur da ya nuna 15,000 ya yi tafiyar kilomita 24,000 ke nan. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa a gefensu, lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, kuma tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta taurare ko da zanenta bai cinye ba.

Game da doka, dokar sufuri ta Jihar Legas ta 2018 ta hana baburan da ba su kai 200cc ba hawa manyan hanyoyi da gadoji, kuma duka waɗannan biyu sun haura wannan iyaka. Haramcin acaɓa da ya fara aiki a ranar 1 ga Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, aka kuma faɗaɗa shi a watan Satumba zuwa Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin, an yi shi ne domin masu ɗaukar fasinja da kuɗi. Amma mu 'yan Arewa mun san cewa sana'ar acaɓa a wannan gari da yawanta a hannun 'yan'uwanmu take, kuma Bahaushe a kan babur ya fi kowa buƙatar kada a sami abin faɗa a kansa. Lasisin tuƙin babur, da lamba, da inshora, da takardar kwastan ta asali, da hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, duk su kasance tare da mahayi kullum. A nan ma tsohon samfurin yana da rauni, domin babur da ya wuce ta hannuwa da yawa sau da yawa takardunsa sun ɓace a hanya, ko sunan da ke ciki ba a san inda mai shi yake ba. Babur marar takardar kwastan ban ba kowa shawarar saye ba, ko da an ba shi a rabin kuɗi.

Wanda kuɗinsa ya kai ya sayi Ninja 400 mai ABS, ya kuma rage abin da zai sayi hular kwano ta gaske da riga mai kariya da safar hannu da takalmi, ya yi rajista, to shi ya kamata ya saya, kuma zai daɗe bai ji babur ɗin ya yi masa kaɗan ba. Wanda kuwa sayen 400 zai cinye duk abin da ke hannunsa har ya hau shi da silifas da hular leburori, ya koma ga Ninja 300 mai ABS, ya sa masa tayoyin radiyal masu kyau, ya kashe ragowar a kan kayan kariya, domin wannan canjin taya kaɗai yana rufe wani babban sashe na tazarar da ke tsakaninsu a lokacin damina. Wanda ba ya cikin gaggawa kuma yana da dalilin jira, saboda kamfanin ya fito da Ninja 500 mai injin 451cc a matsayin samfurin 2024, ya maye gurbin 400 a Turai da Amurka, kuma bisa al'ada idan sabon samfuri ya fito masu tsohon sukan yawaita sayarwa, wanda hakan ke ƙara yawan lafiyayyun da za a zaɓa daga ciki.

Kowanne aka ɗauka, a je wurin ciniki da bakaniken da ya saba da injin da na'ura ke fesa wa mai, a kuma nemi a tarar da injin a sanyaye, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi da ƙarar sarƙar cikinsa. Bayan an biya, kafin a fara hawa da shi aiki, a juye baƙin mai a zuba na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, a canza filta da ruwan lagireto da man birki, a wanke cen a daidaita shi, sannan a sa bakaniken ya auna tazarar bawul, tunda da wuya mai sayarwa ya iya nuna shaidar lokacin da aka yi hakan na ƙarshe.